Urakami, Ƙauyen da Ya Yi Shekara 250 Yana Ƙirga Kwanaki

A arewacin birnin Nagasaki na ƙasar Japan akwai wani kwari da ake kira Urakami. Yau birni ya haɗiye shi, amma a da ƙauyen manoma ne, masu shinkafa da dankali a gindin tsaunuka. Duk Kiristan da ya taɓa durƙusawa ya yi ta roƙo har gwiwa ta yi kanta, sama ta yi shiru, to yana da dangi a wannan kwari. Mutanensa sun yi shekara kusan 250 suna kiran sunan Allah a ɓoye, babu firist, babu majami'a, babu Littafi Mai Tsarki a hannu, babu kuma wata alama daga sama da za ta ce musu ana jin su. Yadda suka yi da wannan shiru shi ne abin da ya daɗe yana riƙe mini zuciya, shi nake so in ba da labarinsa.

Bishara ta isa Japan ranar 15 ga Agusta, 1549, lokacin da Francis Xavier na ƙungiyar Jesuit ya sauka a Kagoshima. Da fari abin ya karɓu ƙwarai. Wasu sarakunan yankuna suka karɓi baftisma, cikinsu har da Omura Sumitada a 1563, wanda daga baya ya buɗe wa jiragen Fotugal tashar Nagasaki. Zuwa farkon ƙarni na 17 Kiristocin ƙasar sun kai kusan dubu 300. Sai masu mulki suka fara tsarguwa, suna ganin bayan firistocin nan akwai bindigogin Fotugal da Sifen. A 1587 mai mulkin ƙasar, Toyotomi Hideyoshi, ya ba da umarnin korar 'yan mishan. Bayan shekara goma ya sa aka kama mutum 24, aka yanke musu gefen kunne, aka taso su a ƙafa daga Kyoto cikin tsananin sanyi har Nagasaki, aka ƙara kama wasu biyu a hanya suka cika 26. Ranar 5 ga Fabrairu, 1597 aka gicciye su a kan tudun Nishizaka. Uku daga cikinsu yara ne, ƙaraminsu Louis Ibaraki shekararsa 12.

A 1614 gidan sarautar Tokugawa ya haramta addinin a duk ƙasar. Aka rushe majami'u, aka ci gaba da kisa a bainar jama'a. A rana ɗaya, 10 ga Satumba, 1622, an kashe mutum 55 a Nagasaki, wasu da takobi, wasu da wuta. Amma hukuma ta lura cewa kisan nan ƙara wa mutane ƙarfin zuciya yake yi, domin jama'a kan taru suna addu'a, suna kwasar tokar waɗanda aka ƙona. Sai ta sake dabara. Maimakon ta kashe mutum ya zama shahidi, gara ta karya shi ya fito da bakinsa ya ce ya bari. Aka ƙirƙiro azabar rami: a ɗaure mutum tamau, a rataye shi kai a ƙasa cikin rami mai ƙazanta, a ɗan tsaga gefen kansa don jini ya riƙa ɗiga kada ya mutu da wuri, a bar masa hannu ɗaya a sake domin ya yi alama in ya sallama.

A watan Oktoba na 1633 aka rataye wasu mutum biyu a rana ɗaya, kuma labarinsu ya tattare duk abin da ya biyo baya. Ɗaya shi ne Julian Nakaura, ɗan ƙasa, wanda tun yana yaro aka aike shi Turai tare da wasu samari uku har ya ga Fafaroma a Roma. Shi ya jimre kwanaki a ramin har rai ya yi halinsa. Ɗayan kuwa Cristóvão Ferreira ne, Bafotuge, shugaban 'yan Jesuit a Japan, wanda ya yi shekaru yana aiki a ɓoye, yana rubuta wa Turai labarin jarumtar shahidai. Bayan awa biyar ko kusa da haka ya ɗaga hannu. Aka ba shi sunan Japan, Sawano Chuan, ya zauna a Nagasaki yana yi wa hukuma aiki har mutuwarsa a 1650. Dukansu biyu sun kira Allah a cikin ramin nan. Babu wanda aka saukar wa mala'ika ya kwance masa igiya.

Daga nan ƙofa ta yi ta rufewa. Manoman Shimabara da Amakusa, yawancinsu Kiristoci, suka yi tawaye a 1637 saboda nauyin haraji da tsanantawa. A 1638 aka murƙushe su a ganuwar Hara, aka kashe kimanin mutum dubu 37, har mata da yara. A 1639 aka hana jiragen Fotugal zuwa. A 1644 aka kashe firist na ƙarshe da ya rage a ƙasar, Mancio Konishi. A Turai aka ɗauka ikilisiyar Japan ta mutu.

Hukuma ba ta saki jiki ba. Kowane gida dole ya yi rajista a wani haikalin Buddha. Aka haɗa gidaje biyar-biyar, laifin ɗaya ya shafi sauran. A mararrabar hanyoyi aka kafa alluna ɗauke da ladan tona asiri, wanda ya nuna firist yana da azurfa 500. Sannan ga al'adar da ta fi kowacce ciwo, wadda ake kira fumi-e. A farkon kowace shekara jami'ai kan zo da wani faranti ɗauke da siffar Yesu ko ta Maryamu, su ajiye a ƙasa. A kira sunan maigida, ya fito ya ɗora ƙafa a kai. Matarsa ta biyo, 'ya'ya su biyo. Jariri uwarsa ce za ta riƙe ƙafarsa ta taɓa, mara lafiya a kai masa har shimfiɗa. Magatakarda na gefe yana duba fuskar kowa, yana buga hatimi. A 1669 aka zuba irin waɗannan faranti guda 20 da tagulla domin na takarda da na katako ba sa jimre tafin ƙafa, 19 daga cikinsu suna gidan tarihi na ƙasa a Tokyo har yanzu. Wanda ya dubi hotonsu zai ga fuskar Almasihu ta shafe, hanci ya baje, ido ya kusa ɓacewa. An yi ta wannan al'ada a Nagasaki har wajen 1858.

Mutanen Urakami sun taka. Wannan ita ce gaskiyar da bai kamata a lulluɓe ba. Kowace shekara sun taka, kakanni da jikoki, su dawo gida da zuciya a dagule. Ana ba da labarin cewa wasu kan wanke ƙafar da ta taka su sha ruwan, don neman gafara. Abin da aka tabbatar shi ne suna da wata doguwar addu'ar tuba, wadda ta samo asali daga wani ɗan littafi da 'yan mishan suka buga a 1603 domin koya wa mutum yadda zai nemi gafarar Allah idan babu firist da zai furta wa zunubi. Wannan addu'a suke yi bayan sun dawo, sun kuma san sarai baɗi za su sake takawa. Idan mutum ya rasu, dole malamin Buddha ya zo ya yi karatunsa; yana fita sai su yi tasu addu'ar a asirce kan gawar, su miƙa mamacin ga Allahn da suka sani. A ƙuryar ɗaki sukan ajiye farar siffar Kannon ta addinin Buddha, mace riƙe da jariri, su dube ta suna nufin Maryamu.

Abin da ya riƙe su shi ne tsari. Tun wajen shekarun 1630 wani mutum mai suna Magoemon ya raba aikin ikilisiya a tsakanin manoma. Akwai mai riƙe da littafin kwanaki, shi ne babba, shi ke lissafa ranar haihuwar Yesu, da farkon azumin kwana arba'in, da ranar tashi daga matattu, bisa kalandar ikilisiya ta 1634 da aka daidaita da watannin Japan. Akwai mai ruwa a kowace unguwa, aikinsa baftisma. In aka haihu sai a kai masa jariri da dare, ya zuba ruwa yana faɗin kalmomin Latin da ya haddace daga bakin wanda ya gada. Akwai kuma mai kai saƙo, wanda ke bi gida-gida yana raɗa wa mutane cewa ran kaza ta mako mai zuwa rana ce mai tsarki, kada a taɓa allura, kada a kai taki gona. Riƙon littafin nan ya zauna a gidan Magoemon har tsara bakwai. Na bakwai ɗin, Kichizo, an kama shi a wani samame a 1856, ya mutu a kurkuku bayan azaba.

Idan na tuna wannan sai in ga uwar gida da dare tana tura garwashi ƙarƙashin toka. Wanda ya leƙa murhun zai ce wuta ta mutu, ita kuwa ta san abin da ta binne, ta san gari zai waye. A yankin Sotome da ke kusa an riƙa gadon wani annabci da ake danganta wa wani mai wa'azi ɗan ƙasa da suke kira Bastian, cewa bayan tsara bakwai firistoci za su dawo cikin baƙaƙen jiragen ruwa, a sami wanda za a furta wa zunubi, a yi waƙar yabo a fili. Mutumin da ya fara jin wannan magana ya san shi ba zai gani ba, ɗansa ma ba zai gani ba, jikansa haka. Duk da haka ya koya wa ɗansa addu'o'in.

A 1858 Japan ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da ƙasashen Yamma, aka yarda baƙi su gina wuraren ibadarsu. Firistocin Faransa suka gina majami'a a Oura, gefen tashar Nagasaki, aka keɓe ta a Fabrairun 1865 da sunan shahidan nan 26. Ranar 17 ga Maris, da tsakar rana, Fada Bernard Petitjean ya ga wasu ƙauyawa su goma sha wani abu tsaye a ƙofa. Ya buɗe musu, ya wuce gaban bagade ya durƙusa. Sai wata mata mai kimanin shekara hamsin, ungozoma daga Urakami mai suna Sugimoto Yuri, ta matso ta raɗa masa cewa zuciyarsu ɗaya ce da tasa. Ta tambayi inda siffar Maryamu take. Da ya kai su, suka ga jaririn a hannunta, suka gane. Suka gaya masa suna bikin haihuwarsa ran 25 ga watan sanyi, kuma yanzu suna rana ta 17 a cikin kwanakin baƙin ciki, wato azumin kwana arba'in. A shekarar 1865 azumin ikilisiya ya fara ne ranar 1 ga Maris. Bayan fiye da shekara 220 babu firist ko ɗaya, lissafin manoman Urakami ya zo daidai da na Roma.

Da labarin ya tsaya a nan, da sai a ce mahaƙurci mawadaci, a rufe littafi. Amma haramcin yana nan bai ɗagu ba. Da mutanen suka sami ƙarfin zuciya, a 1867 suka ƙi kiran malamin Buddha wajen jana'iza, aka fara kame. Sabuwar gwamnatin Meiji da ta hau a 1868 ta ƙara tsananta abin: ta kwashe ƙauyen kusan gaba ɗaya, mutum wajen 3,400, ta warwatsa su a yankuna kimanin ashirin. A Tsuwano, ɗaya daga cikin yankunan, an riƙa kulle mutum cikin keji da bai kai mita ɗaya ba ta kowane gefe, ana jefa wasu cikin tafki mai ƙanƙara. Fiye da 600 suka mutu a wannan gudun hijira na dole. Jikokin masu taka faranti ne waɗannan, kuma da yawansu a wannan karo sun ƙi sallamawa. Sai da tawagar gwamnatin Japan ta Iwakura ta je Amurka da Turai ta sha ƙorafi a kan batun, sannan a Fabrairun 1873 aka sauke allunan haramci.

Waɗanda suka dawo sun tarar da gidaje a wawashe, gonaki sun zama daji, har wasu suka riƙa kaftu da fasassun tukwane saboda babu fartanya. Wata budurwa daga cikinsu, Iwanaga Maki, ta tara 'yan uwanta mata suka shiga jinyar masu annoba da renon marayu. A 1880 jama'ar suka sayi filin gidan dagacin ƙauye, wato daidai inda kakanninsu suka riƙa yin layi suna taka hoton Ubangijinsu. A nan suka fara gina babbar majami'a a 1895, da kuɗin talaka da ɗaukar bulo a kafaɗa. Aka keɓe ta a 1914, hasumiyoyinta biyu suka kammalu a 1925. Tana cikin mafi girma a gabashin Asiya a zamaninta.

Shekara ashirin kacal ta yi a kammale. Ranar 9 ga Agusta, 1945, jirgin yaƙin Amurka da aka tura birnin Kokura ya tarar da hayaƙi da gajimare sun rufe shi, ya juya zuwa Nagasaki. Da ƙarfe 11:02 na safe bam ɗin nukiliya ya fashe a saman Urakami, kimanin mita 500 daga majami'ar. A ciki akwai firistoci biyu da masu bi da suka zo furta zunubi don shirin idin Maryamu na 15 ga wata; babu wanda ya fita. Daga cikin Katolika kusan 12,000 na Urakami, kimanin 8,500 suka hallaka. Abin da shekara 250 na tsanantawa bai iya ba, ya faru cikin ƙiftawar ido, daga hannun ƙasar da yawancin mutanenta Kiristoci ne.

A nan ne tambayar ta fito fili, kuma a nan aka sami wanda ya yi ƙoƙarin amsawa. Dakta Takashi Nagai likita ne mai aiki da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, wanda tun kafin bam ɗin aka gano yana da kansar jini. Matarsa Midori daga zuriyar masu riƙe da littafin kwanaki take. Da ya koma gida bayan kwanaki yana jinyar mutane, ya tarar da ƙasusuwanta a tokar madafa, tare da carbinta da ya narke. Ranar 23 ga Nuwamba, 1945, wajen addu'ar mamata a gaban kangon majami'ar, ya ce wa jama'a Allah ne ya zaɓi Urakami ta zama hadayar ƙonawa domin yaƙi ya ƙare. Wasu sun sami sanyi a zuciya, musamman da yake akwai masu yi musu gorin cewa hukuncin gumakan ƙasa ne ya faɗa musu. Wasu kuma maganar ta ƙona musu rai, tun a wurin da kuma bayan shekaru.

Ina girmama Nagai. Mutumin da ya kwashe ƙasusuwan matarsa a bokiti, ya ƙare kwanakinsa a kwance cikin 'yar bukka yana rubutu a kan zaman lafiya har mutuwarsa a 1951, yana da haƙƙin ya yi magana. Sai dai amsar tasa ta ɗora wa Allah abin da mutane suka zauna suka shirya. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai ɗin da suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Kuskurensu ya fara ne da suka buɗe baki don su bayyana dalilin wahalarsa, a ƙarshe kuma su Allah ya tsauta wa. Da Fafaroma John Paul na Biyu ya ziyarci Hiroshima da Nagasaki a Fabrairun 1981 ya faɗa a fili cewa yaƙi aikin ɗan Adam ne, wasu tsofaffin Urakami da suka yi shekaru suna haɗiye baƙin cikinsu suka fara ba da shaidar abin da suka gani.

Marubuci Shusaku Endo, shi ma Katolika, ya bi ta wata hanya. Ya ga wani tsohon fumi-e a Nagasaki, da baƙin tabon yatsun ƙafa a jikin katakon da ke kewaye da shi, ya shiga tunanin masu wannan tabo. Shahidai suna da ranaku a kalandar ikilisiya, waɗanda suka taka kuwa kunya ta sa ba a ambatonsu. A 1966 ya fitar da littafinsa Chinmoku, wato shiru, a kan wani firist da ya zo neman Ferreira shi ma ya ƙare da takawa. Wasu shugabannin ikilisiya a Nagasaki ba su ji daɗin littafin ba. Amma tambayar da ya tayar tana kan hanya: ta hannun wa bangaskiya ta iso 1865? Jinin shahidai ya ba da misali, babu shakka. Sai dai mamaci ba ya yi wa jariri baftisma. Waɗanda suka taka, suka yi kuka, suka tuba, suka tashi da asuba suka koya wa yaro addu'a, su ne suka kawo ta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a cikin bangaskiyarmu. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, kuma shi aka damƙa wa kiwon tumaki. Yesu kansa a kan gicciye ya ɗaga murya da kukan da ke farkon Zabura ta 22, kukan wanda ya ji an yashe shi, ba a kuma amsa masa a wannan rana ba. Tsakanin Juma'ar mutuwarsa da Lahadin tashinsa akwai Asabar guda, wadda har yau ikilisiyar Katolika ke barin bagade tsirara a cikinta, ba a yin Jibin Ubangiji sai dare ya yi. Mutanen Urakami sun san wannan Asabar, suna lissafa ta kowace shekara a littafinsu, sun kuma zauna a cikinta tsara bakwai.

An sake gina majami'ar Urakami a 1959. A tsibiran Goto da Ikitsuki akwai 'yan tsirarun iyalai da ba su koma Katolika ba bayan 1873, suka ci gaba da ibada yadda kakanninsu suka bar musu, yawansu kuwa yana ta raguwa. A 2018 hukumar UNESCO ta sa wurare 12 na ɓoyayyun Kiristocin yankin Nagasaki cikin kayan tarihin duniya.

A ƙasarmu ma ana zaman makoki a gidajen da aka ƙona, ana binne waɗanda ba su ji ba su gani ba, kuma nakan ji yadda muke gaggawar cike shirun da bayani: wannan gwaji ne, wancan zunubin wani ne, ko kuwa bangaskiyarka ce ta yi ƙaranci. Tarihin Urakami ya koya mini in ja bakina a irin wannan wuri. Mutanen nan ba a taɓa ba su dalili ba, kuma ba su jira dalili ba kafin su yi abin da ke gabansu. Ma'anar da suka samu tana cikin amanar da suka riƙe: a san ranar da ake ciki, a yi wa jariri baftisma, a nemi gafara ko da sau ɗari ne, a raka mamaci da addu'a, kada a kori mai rauni daga cikin jama'a. Wanda ya zo wurinka yana cewa ya yi ta roƙo ba a amsa ba, kada ka ƙirƙira masa amsa da sunan Allah. Zauna tare da shi, ka taya shi riƙe abin da ya rage a hannunsa, in kuma ya faɗi ka ɗaga shi, domin wataƙila ta hannunsa bangaskiya za ta kai ga jikokinka.